Tunda an ce bulokcen ba ya satuwa, ta ina aka kwashe wa ƙanena kuɗinsa?

Ɗan_Kwari:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin kirifto ku ɗan warware min wani abu, ni ba ɗan harkar bane, atamfa da shadda nake sayarwa, amma abin ya biyo ni har gida. Ƙanena tun lokacin danne-dannen waya na Notcoin da Hamster Kombat a 2024 ya shiga harkar, daga baya ya fara tara ɗan abin da yake samu a gyaran waya yana sayen USDT, wani kuɗin kirifto da ake cewa ɗaya yake da dala, yana ajiyewa a walat ɗinsa, wato manhajar ajiyar kirifto ta waya, wai kar naira ta cinye masa. To makon jiya a wani guruf aka turo musu linki wai za a raba kyautar sabon koyin, ya shiga ya haɗa walat ɗinsa ya danna abin da aka ce ya danna, kyautar bata zo ba, washegari da asuba ya duba ba ko sisi. Ya rantse min da Allah bai ba kowa kalmomin sirrin nan 12 na walat ɗin ba, ko matarsa bata san inda ya rubuta su ba.

Abin da ya ɗaure min kai, wannan yaron shi ne kullum yake cika mana kunne wai wannan tsarin babu wanda ya isa ya taɓa maka kuɗi ko gwamnatin Amurka ce. To ta ina ɓarawon ya shiga? Kuma wai yana ganin inda kuɗin suka tafi, ya nuna min a waya ga adireshin ga adadin ga lokacin, amma ba yadda za a yi a dawo da su, ni wannan wane irin abu ne? Ina tambaya ne kuma saboda mutumin da nake ɗaukar kaya a wajensa a Guangzhou ya fara min maganar in dinga biyansa da USDT ɗin nan, to inaso in gane kafin in jefa jarina.

Injiniya_Zazzau:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar masa da alheri. Ƙanenka bai yi ƙarya ba amma rabin magana ya faɗa muku. Bari in fara daga tushe, kayi haƙuri zan ɗan ja.

Ka ɗauki littafin bashin da kake rubutawa a shago, wane ya karɓi kaza wane ya biya kaza. Littafin a hannunka yake kai kaɗai, in ka ga dama ka yage shafi ko ka ƙara sifili, banki ma haka yake sai dai shi da doka a kansa. To a ƙarshen Oktoba 2008 wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto, har yau ba a tabbatar ko waye ba, ya fitar da ƴar takarda mai shafi 9 yana cewa me zai hana littafin ya zama kowa yana da kwafinsa, dubban kwamfutoci a faɗin duniya kowacce tana riƙe da irinsa sak, duk shafin da aka cika sai a tura wa kowa ya duba ya liƙa a nasa. Shafin shi ake ce wa bulok, jerin shafukan shi ne bulokcen. Ranar 3 ga Janairu 2009 aka rubuta shafin farko na Bitcoin kuma tun daga nan ake ta ƙarawa kusan duk minti 10.

Inda dabarar take shi ne kowane shafi yana da wani tambari da ake ce wa hash, lissafi ne ake yi wa duk abin da ke cikin shafin sai ya fitar da jerin haruffa da lambobi guda 64, in ka canza ko ɗigo ɗaya a shafin tambarin gaba ɗaya zai rikiɗe ya zama wani daban. Sai kuma aka sa kowane sabon shafi ya ɗauki tambarin na bayansa ya rubuta a kansa. Kaga kenan in wani yana so ya goge cinikin bara dole ya sake gina wannan shafin da duk waɗanda suka biyo bayansa har zuwa na yau, kuma ya riga duk sauran duniya gudu alhali su ma ba tsayawa suka yi ba. Gina shafi ɗaya kuwa ba wasa bane, shi ne mainin na gaskiya, injina ne na musamman cike da sito suna shan wuta dare da rana suna ta cankar wata lamba har wani ya dace, wanda ya dace shi zai rubuta shafin a biya shi da sabon Bitcoin. Da farko 50 ake bayarwa, duk shafi 210,000 sai a raba biyu, wajen shekara 4 kenan, tun Afrilun 2024 ladan ya koma 3.125, kuma gaba ɗaya ba za su wuce miliyan 21 ba. Don haka wannan danna allon waya da yaranmu suke kira mainin ba mainin bane wlh, maki kawai kamfani yake rubuta maka a nasa littafin, in ya ga dama daga baya ya ba ka tokin in bai ga dama ba shikenan.

To wannan shi ne abin da ake nufi in an ce ba ya satuwa, wato littafin ba ya goguwa ba a kuma yi masa cushe. Amma littafin bai san fuskar kowa ba, bai san ƙanenka ba bai san ɓarawo ba, sa hannu kawai ya sani. Kuɗin ma ba a cikin wayar suke ba, suna rubuce ne a littafin da sunan adireshinsa, abin da ke cikin walat makullin sirri ne da ake sa hannu da shi, kalmomin 12 ɗin nan kuma su ne uwar makullin. Duk umarnin da ya zo da sa hannu sahihi kwamfutocin za su karɓa su rubuta ba tambaya, ko da wuƙa a wuya aka sa hannun. Kuma abin da ya hana ɓarawo goge littafin shi ne dai ya hana mu goge satar. Ganin da yake wa kuɗin kuwa ai littafin a buɗe yake kowa na iya karantawa, ganin Dala ne ba shiga birni ba.

Maganar yadda aka yi ba tare da kalmomin ba na bar wa Ummu Khairat, ita take rubuta irin waɗannan abubuwan.

Ummu_Khairat:

Injiniya ka jefo min ƙwallo kenan. Yaya sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ni kusan na tabbata abin da ya faru amma ka tambaye shi abu ɗaya tukun, ɗan canjin da yake biyan kuɗin gas da shi, wato ladan da ake biya kan kowane ciniki, in a kan bulokcen ɗin Tron yake TRX kenan in na Ethereum ne ETH, yana nan ko shi ma an share? In yana nan USDT ɗin kaɗai aka ɗauka to ba makullinsa aka sata ba, izini ya bayar da hannunsa bai sani ba.

Ga yadda abin yake. Bitcoin littafin kuɗi ne kusan zalla, wane ya tura wa wane. Sai Vitalik Buterin da abokansa suka ce me zai hana a rubuta sharaɗi ma a cikin littafin ba kuɗi kaɗai ba, suka buɗe Ethereum a Yulin 2015. Shi ne simat kwantirak, sunan ne dai mai girma amma ɗan furogiram ne da aka ajiye a kan bulokcen yana da adireshinsa kamar mutum, yana iya riƙe kuɗi, kuma abin da aka rubuta masa kaɗai yake yi. Ni da adashi nake fahimtar da mata a unguwarmu. Mu goma muna zubi duk Juma'a, uwar adashi tana tarawa ta ba mai kwasa, matsalar kullum ita ce uwar adashin, ko ta ranta a ciki ko ta fifita ƙawarta ko a wayi gari ta yi tafiya. To ki ɗauka, au ka ɗauka Yaya, an cire ta an sa akwati wanda aka rubuta masa in zubi goma ya cika ka buɗe wa lamba ɗaya, mako mai zuwa lamba biyu, babu mai roƙonsa babu mai ba shi cin hanci. Daɗi ko? Amma ranar da ɗiyar wata ta kwanta asibiti ana so a sauya mata kwasa akwatin ba ya jin magiya, kuma in wanda ya ƙera akwatin ya bar ƙofa ta baya ko ya yi kuskure a rubutun haka zai aiwatar da kuskuren daidai wa daida.

Wannan ba tatsuniya bace, a Yunin 2016 an yi wani babban asusun haɗaka a kan Ethereum mai suna The DAO, wani ya gano cewa kwantirak ɗin yana fara biyan mutum kafin ya rage masa a lissafi, sai ya dinga cewa a biya shi a biya shi kafin a kai ga ragewar, ya janye wajen ETH miliyan 3.6. Bai fasa komai ba, dokar akwatin ya bi. Sai da jama'ar Ethereum suka yi ta rigima a ƙarshe mafi yawa suka yarda a sauya littafin a mayar wa mutane kuɗinsu, waɗanda suka ƙi suka ce ai an ce ba a gogewa suka ci gaba da tsohon, shi ne Ethereum Classic da ake gani har yau. Na kawo wannan ne don Injiniya ya ce littafin ba ya goguwa, eh haka ne ga ni da kai, amma an taɓa yi da kuɗin suka yi yawa kuma manya abin ya shafa, ba don ɗan gyaran waya za a sake ba.

To USDT ɗin kansa ba koyin bane mai nasa bulokcen, kwantirak ne na kamfanin Tether da ke zaune a kan Tron da Ethereum da wasu, a cikinsa akwai jadawali adireshi kaza yana da kaza. Kuma a cikin dokokinsa akwai wata da ke cewa mai kuɗi zai iya ba wani adireshi izini ya cire masa har zuwa adadi kaza, an yi ta ne don kasuwannin musaya da ba su da mai shago, dole ka ba kwantirak ɗinsu izini kafin ya canza maka tokin. Kamar ka sa hannu a cak ka bar wajen adadin fayau. Shafukan damfarar nan abin da suke yi kenan, a fuska an rubuta karɓi kyautarka, amma abin da walat ɗin ya fito masa da shi ya danna izini ne marar iyaka ga adireshin ɓarawon, mafi yawanmu kuma ba ma karanta wannan ɗan akwatin da ke fitowa, turanci ne da lambobi sai mu danna kawai. Daga nan ɓarawon baya buƙatar kalmominsa baya buƙatar wayarsa, ko wayar a kashe take zai kira kwantirak ɗin ya ce a ba ni, kwantirak ya duba ya ga akwai izini ya miƙa.

Abin gaggawa yanzu, izinin nan baya mutuwa da kansa. In ya sake zuba USDT a wannan adireshin gobe za a sake kwashewa. Ya shiga shafin duba littafin, Tronscan ko Etherscan gwargwadon inda yake, akwai wajen da ake ganin duk izinin da adireshi ya bayar a soke, zai biya ɗan kuɗin gas. Ni dai da ni ce sabon walat zan buɗe da sabbin kalmomi in bar wancan gaba ɗaya.

Baba_Na_Fagge:

Ku dai yaran nan kuna da dadin baki. Ni na ga MMM a 2016 da idona, mutane har da masu digiri suka sayar da filaye, yanzu an canza wa tuwo suna an ce masa bulokcen. Wancan Luna da aka ce koyin dinsu na UST daya yake da dala ba ya motsi a Mayun 2022 cikin kwanaki ya zama toka, kasuwar kirifto ta FTX da ake ce wa ta biyu ko ta uku a duniya watan Nuwamban shekarar ta rushe mai ita yana gidan yari an yanke masa shekara 25. Malamai ma ba su hadu a kai ba, muftin Masar na lokacin ya haramta cinikin Bitcoin wasu kuma sun halatta da sharadi. Alhaji ka rike atamfarka, kwadayi mabudin wahala.

Ɗan_Kwari:

Hajiya Ummu wallahi kamar kina wajen, yanzu na kira shi ya ce TRX ɗinsa na nan ba a taɓa ba, kuma ya tuna sau biyu ya danna don na farko bai wuce ba. Na ce masa kar ya sake sa komai a ciki. Baba na ji maganarka kuma ban raina ba. Amma Injiniya har yanzu ba wanda ya ce min komai kan biyan ɗan Guangzhou, kuma tun jiya wasu mutum biyu sun yi wa yaron magana ta inbok wai su ƙwararru ne suna dawo da kuɗin da aka sata in ya biya kuɗin aiki, akwai gaskiya a ciki?

Injiniya_Zazzau:

Babu ko ƙwayar zarra Alhaji, ya toshe su yanzun nan, sau da yawa ma su ne dai ɓarayin farko suke dawowa da wata riga tunda sun san wanda suka cuta. Ka tuna abin da na ce, ba mai iya motsa kuɗi sai mai makullin adireshin da suke ciki ko wanda ya ba izini, to ta ina wani ɗan inbok zai samu makullin ɓarawo? Ƙofa ɗaya ce na sani kuma ita ce take ƙaryata cika bakin ƙanenka na cewa ba gwamnatin da ta isa. Kamfanin Tether ya bar wa kansa iko a cikin kwantirak ɗin USDT na daskarar da kowane adireshi, kuma yana yi in hukumomin tsaro suka nema, haka in ɓarawon ya kai kuɗin babbar kasuwar musaya wadda ke karɓar katin shaida ana iya riƙe su a can. Amma duka ta hannun hukuma ake bi, ya kai ƙorafi a rubuce wajen ƴan sanda ko EFCC da lambar cinikin da adireshin da aka tura wa, kar dai ya sa rai sosai don ɓarayin nan cikin mintuna suke rarraba kuɗi adireshi-adireshi.

Baba kuma ina girmama ka amma ka haɗa abu uku a tukunya ɗaya. MMM ba shi da wani littafi da kowa ke gani, kuɗin na baya ake ba na gaba. FTX kamfani ne da mutane suka ba ajiya ya yi wasa da ita, irin uwar adashin da Ummu ta faɗa ce sak, makullan a hannunsu suke ba a hannun masu kuɗin ba. Luna ne kaɗai zan ce eh, nan tsarin ne da kansa ya ci amanar mutane, don dalar tasu ba dala bace a ajiye a banki, lissafi ne ke riƙe da ita da wani koyin ɗin, da mutane suka ruga fita lokaci ɗaya duka biyun suka zube tare. USDT ya bambanta da wannan tunda su sun ce kowane ɗaya akwai kadara a bayansa, yawanci takardun bashin gwamnatin Amurka, amma ka lura sun ce na ce, nan ma yarda ce da kamfani ba lissafi ba. Kuma Tron ɗin ma ba kamar Bitcoin bane, wakilai 27 ne kacal suke rubuta shafukansa duk sakan 3, shi yasa yake da sauri da araha, ba wai duk abin da aka kira bulokcen ƙarfinsu ɗaya ba.

Maganar Guangzhou. Ta ɓangarenmu, CBN ya hana bankuna taɓa harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin nan a ƙarƙashin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, don haka ba a ɓoye ake yi ba yanzu amma ka bi ta dandalin da ke da rajista. Ta ɓangarensu kuma Chaina ta haramta hada-hadar kirifto tun Satumbar 2021, ma'ana in ka tura ya ce bai gani ba ko kaya suka zo ba daidai ba, ba ka da takardar banki da za ka ɗaga a gaban kowa a can. In mutum ne da kuka daɗe kuna hulɗa kuma ka yanke za ka yi, ka tambaye shi a kan wace hanya yake karɓa, adireshin Tron da T yake farawa na Ethereum da 0x, in ka tura ta hanyar da ba ita ba kuɗin na iya maƙalewa inda ba mai ciro su. Ka fara tura dala 5 ya tabbatar ta shiga kafin ka tura sauran, kuma ka sa ya karanto maka farkon adireshin da ƙarshensa ta kiran bidiyo, kar ka kwafo daga tarihin cinikinka.

Ummu_Khairat:

Injiniya farko da ƙarshe kaɗai bai isa ba fa, masu guba a adireshi daidai wannan suke kwaikwaya, su ƙera adireshi mai farko da ƙarshe irin na mutuminka su turo maka ɗan ƙwandala don ya bayyana a tarihinka, tsakiyar ce take bambanta. Haruffa 34 ne kacal a na Tron Yaya, ka sa yaron shago ya riƙe waya ɗaya kai ka riƙe ɗaya ku karanta su duka. Kuma walat ɗin da za ka dinga biyan kaya da shi kar ka taɓa haɗa shi da kowane shafi, ko ƙanen naka ne ya ce ya ga wata garaɓasa.